Ministan Arewa Ba Gwamna Ba Ne

Tun da Shugaba Mahama ya kafa kwamitin sake duba kundin tsarin mulki a 2025, gardamar zaɓen shugabannin gundumomi ta dawo majalisun shayi na Tamale. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗaukar Ministan Yankin Arewa tamkar gwamna. Famfo ya ƙafe, mata sun bazama da rawayen galan ɗin nan da ake kira Kufuor, sai ka ji ana cewa gwamna ya gaza. Kunnuwanmu sun saba da labaran Kano da Sakkwato, shi ya sa muke auna Gana da mudun da ba nata ba.

Don ganin gwamna na gaske, a dubi Jimmy Carter, manomin gyaɗa daga jihar Jojiya a Amurka. Ya yi ɗan majalisar dattawan jiharsa daga 1963, ya nemi gwamna a 1966 ya faɗi, ya koma ya bi jama'a gari gari har ya ci a 1970. Daga 1971 zuwa 1975 shi ke gabatar da kasafin kuɗin jiha, shi ke sa hannu a doka ko ya ƙi, kuma ya dunƙule tarin hukumomin jihar wuri guda. Shugaban ƙasa ba shi da ikon tsige shi, domin ba shi ya ɗora shi ba. Daga wannan kujera ya tsaya takarar shugabancin Amurka ya ci a 1976.

Namu fa? Tsarin mulkin 1992 ya ce shugaban ƙasa ke naɗa ministan yanki da amincewar majalisar dokoki, kuma yana iya sauke shi gobe da safe. Ba shi da majalisar yin doka, ba ya aza haraji. Aikinsa daidaita ayyukan gundumomi da jagorantar kwamitin tsaro na yanki. Yaron shago ne: yana riƙe da makulli, yana shan zagin masu ciniki, amma mai shago na Accra, kuma can ake yanke farashi. Ruwan famfon Tamale da ake tacewa a Dalun na kamfanin ruwa na ƙasa ne. Gadar sama da aka buɗe a tsakiyar Tamale a 2022, gwamnatin tsakiya ce ta ƙulla yarjejeniyarta da kamfanin Sinohydro.

Shugaban birnin Tamale ma naɗa shi ake yi, sai dai a nemi amincewar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar birni da suka kaɗa ƙuri'a. An sa ranar 17 ga Disamba 2019 don ƙuri'ar raba gardama kan shigar jam'iyyu zaɓen gundumomi, sai shugaban ƙasa na lokacin, Akufo-Addo, ya soke ta saura kwanaki, maganar zaɓen shugabannin kuma ta bi ruwa. Jam'iyyun NPP da NDC duk sun sha yin alkawarin ba jama'a damar zaɓen shugabannin gundumomi, amma kowacce ta hau mulki sai ikon naɗi ya yi mata daɗi.

Wanda aka naɗa daga sama, sama yake kallo. Idan ɗan majalisarku ya zo gaisuwar Sallah, ku tambaye shi a gaban jama'a ranar da za ku zaɓi shugaban birninku da hannunku.