Shin Ko Kun San? Sojojin da Ake Gane Rundunarsu da Ratsin Siket

Ranar Hawan Sallah, tsaya a Ƙofar Soro cikin birnin Katsina. Da ka hango ja da kore da ƙaton rawani, ka san dogarin Sarki ne, ko ba a gaya maka ba. To, shin ko kun san a ƙasar Sikotilan akwai sojojin da su ma da yadi ake gane su? Nasu kuwa siket ne. E, siket! Kuma ƙarti majiya ƙarfi ke ɗaura shi. Sunansa kilt.

Ko kun san yadi nawa yake ci? Takwas! Ulu zalla, mai kauri da nauyi. A nan tela yadi goma zai ce ka kawo a yi maka babbar riga da 'yar ciki da wando. Can kuwa takwas ɗin nan daga ƙugu zuwa gwiwa kawai suke tsayawa. Ina sauran ya tafi? Yana baya, an ninke shi ninki bisa ninki. A yawancin na soja ma, ratsi ɗaya ake so ya fito a kan kowane ninki, reras.

Duk yawan yadin nan, aljihu ko ɗaya babu! Shi ya sa suke rataya 'yar jaka a gaba, wadda suke kira sporran.

Zanen yadin gida-gida ne, ana ce masa tatan. Ba a saƙa shi da ka. Kowane iri yana da lissafin zarensa: baƙi kaza, shuɗi kaza, kore kaza, a tsaye da a kwance. Masaƙi ya ɓata lissafi, ya saƙa wa wasu tufa.

Ga uban tafiyar. A 1725 aka kafa ƙungiyoyin tsaron da suka zama rundunar Black Watch a 1739. Tatan ɗinsu shuɗi ne mai duhu da kore da baƙi. Shi ake kira tatan na gwamnati.

Yanzu ku ji abin mamaki. Ɗora siririn ratsin rawaya a kan wannan yadi, ka koma tsohuwar rundunar Gordon, wadda aka kafa a 1794. Sa ratsin fari da ja, ka zama na Seaforth. Ratsi kawai, ka sauya gida! Mai sayen siket ya yi sakaci, sai tsoffin sojoji su gane shi tun daga nesa, kamar wanda ya ɗauko rigar dogari ya shiga tawagar wani hakimi.

Ko kun san an taɓa haramta siket ɗin? Dokar 1746 ta hana mutanen tsaunukan Sikotilan sa wannan tufa. Karon farko, wata shida a gidan kaso. Karo na biyu, a kore ka ƙetaren teku shekara bakwai! Wa aka ƙyale? Sojojin Sarkin Birtaniya. Sai a 1782 aka soke dokar.

Har fagen fama sojojin sun shiga da shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, cikin taɓo da sanyin Faransa, da siket suka yi ta gwabzawa. Daga 1940 ya koma kayan fareti da biki.

A 2006 aka haɗe yawancin tsoffin rundunonin ƙasa na Sikotilan suka zama guda, aka ba su tatan iri ɗaya, wanda ya samo asali daga na Black Watch. Mai neman ainihin siket ɗin tsohuwar runduna yau, sai dai ya bi 'yan gwanjon kayan soja, ko ya ba masaƙa aiki a saƙa masa takanas.

Yadi ma da rajista? Ƙwarai! Tun 2009 akwai kundin gwamnati a birnin Edinbara, inda ake rubuta sunan tatan da lissafin zarensa. Dubbai ne a ciki.

Katsina fa? Ɗan Sikotilan ya taka ta tun tuni. Hugh Clapperton ya biyo ta nan a 1824, a hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A lokacin masaƙanmu suna saƙa nasu yadin mai ƙananan gidaje, saƙi, mai kama da jikin zabo, wanda manya ke yin riga da shi.

Don haka in Sallah ta zagayo, ku ƙura wa tawagogin hakimai ido. Ku ƙirga launukan rigunan mabiyansu, ku ga gida nawa za ku iya ganewa tun kafin maroƙi ya ambaci suna. Sannan ku ba na kusa da ku labarin yadi takwas da ba shi da aljihu.