Mutumin da Ya Ɓuya a Bayan Fuskarsa

Idan aka ce mai zane ya zana kansa, jama'a za su zaci zai nuna musu ko shi wane ne. To, Andy Warhol, Ba'amurken nan da ya yi suna wajen buga hotuna, ya shafe shekara 20 da 'yan kai yana buga fuskarsa, amma kullum ƙara ɓoye ta yake yi.

An haife shi a birnin Pittsburgh cikin 1928, iyayensa kuwa talakawa ne da suka yi ƙaura daga gabashin Turai. Tun yana yaro yake fama da dabbare-dabbare a fata, da ya girma kuma sanƙo ya kama shi, har ya koma sa hular gashi mai launin azurfa. Watau dai fuskar da ya sayar wa duniya ita ce wadda shi kansa ba ya son kallo.

A cikin 1962 ya rungumi ɗab'i da ƙyallen siliki, irin wanda masu buga rubutu a riguna ke yi. Akan ɗaure ƙyallen a jikin katako, a shafa masa magani, a haska hoto a kansa, sa'an nan a matse tawada ta ratsa kafofin da suka rage. Da allo guda sai a buga hoto ɗaya sau da yawa, ana sauya launi. Haka ya yi wa Marilyn Monroe, haka kuma ya yi wa kansa.

Na farko, na 1963 zuwa 1964, daga rumfar ɗaukar hoto mai aiki da sulalla ya samo shi, yana sanye da baƙin tabarau. A na 1966 kuwa yatsunsa na kan leɓe, inuwa ta cinye rabin fuska.

Ranar 3 ga Yuni, 1968, wata mata mai suna Valerie Solanas ta harbe shi a ɗakin aikinsa a New York, ya sha da ƙyar. Daga nan mutuwa ta soma leƙowa cikin hotunan. A na 1978 ga shi da ƙoƙon kan mutum a kafaɗa. A na 1986, waɗanda aka nuna a London, babu wuya, babu kafaɗa, sai kai kawai cikin duhu, kumatu sun faɗa, gashin ya miƙe tsaye.

Bai cika shekara ba bayan wannan ya mutu, ranar 22 ga Fabrairu, 1987, bayan an yi masa aikin matsarmama. A cikin 2011 aka yi gwanjon hoton nan na farko a kan dala miliyan 38 da ɗoriya. Mai saye ya sami fuskar, amma labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska, wannan kuwa har yau ba ta amsa ba.