3.4 Duba Rassa da Tambura a Rumbun Git

A sashen da ya gabata an yi bayanin yadda ake ajiye aiki a rumbu. A wannan sashe kuwa za a dubi yadda ake gane rassa da tamburan da ke cikin rumbun. Za a kafa misali da Git, wato manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a shekarar 2005 domin adana aikin Linux.

Reshe suna ne da ke nuni ga ajiya ta ƙarshe a wani layin aiki, saboda haka duk lokacin da aka yi sabuwar ajiya sai ya gusa gaba. Shi kuwa tambari ana buga shi ne a kan ajiya guda, ya tsaya a nan. Wannan ne ya sa ake amfani da shi wajen shaida fitowar manhaja, kamar v6.1 ta Linux wadda ta fito a watan Disamba na 1922 da ɗari, wato 2022.

Idan aka rubuta umarnin "git branch", za a ga jerin rassan da ke cikin kwamfutar mai aiki, tare da alamar tauraro a gaban wanda yake kai. Idan aka ƙara "-a", sai rassan rumbun nesa su bayyana. Abin lura a nan shi ne, abin da aka gani game da rumbun nesa hoto ne na lokacin da aka tuntuɓe shi a ƙarshe. Don haka ya kamata a fara da "git fetch" kafin a dogara da jerin.

Umarnin "git tag" shi ke jero tambura, amma bisa tsarin haruffa yake jero su. Ke nan v1.10 zai zo kafin v1.2, alhali shi ne sabo. Ana gyara wannan da "--sort=version:refname".

Muhimmancin wannan bambanci yana fitowa ne lokacin miƙa manhaja ga masu amfani. Wanda ya ɗauko daga reshe yana iya miƙa aikin da ba a gama gwadawa ba, wanda kuwa ya ɗauko daga tambari zai sami abin da aka fitar daidai. Sashe na gaba zai yi bayanin yadda ake haɗe rassa.