KWAMFUTA BA TA RANTSUWA: MU TANADI KWAFI TUN KAFIN RANAR KUKA

Jama'a masu karatu, a yau da wuya ka shiga layi a Nima ko Maamobi, ko Sabon Zango a Kumasi, ko Tamale, ka rasa gidan da ke da kwamfuta. Malamin makaranta a cikinta yake tara makin ɗalibansa na zango uku. Ɗan kasuwa ya zuba lissafin bashinsa a ciki. Sakataren ƙungiya ya adana sunayen 'yan adashi da abin da kowa ya zuba. Ɗiyanmu da ke karatu a Legon ko Winneba sun shekara suna rubuta kundin digirinsu a cikinta. Ga kuma hotunan suna da na aure da na Hajji, da muryoyin iyaye waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Duk wannan dukiya a wuri guda take, cikin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Mu malaman makaranta mun sha ganin babban mutum ya fito daga shagon mai gyara ya rasa inda zai sa kansa, don an ce masa abin da ke ciki ya tafi. Kuɗi na iya sayen sabuwar na'ura. Hoton mahaifiya da babu irinsa a ko'ina, ba kasuwar da ake sayar da shi.

DABARAR BA BAƘUWA BA CE

Kakanninmu sun san wannan magana tun kafin lantarki ya zo. Ku dubi Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Krachi, inda ya rasu a 1934. Yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga. Tsohon garin Kete-Krachi kuwa ruwan tafkin Volta ya cinye shi bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960. Amma har yau ana karanta rubuce-rubucensa na Larabci da na Hausa. Dalili shi ne, almajiri ba ya barin gaban malaminsa sai ya kwafi littafi da hannunsa ya tafi da shi garinsu. Haka kuma a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta bi gidajen malamai tana aron littattafai, ta ɗauki hotonsu, ta mayar wa masu su. Watau abu ɗaya ya zauna a wurare da yawa, in gara ta ci na wannan gida, na wancan yana nan. Abin da muke kira a yi wa kwamfuta ke nan, ba ƙari ba ragi.

ME KE KASHE RUMBUN KWAMFUTA?

Rumbun da kwamfuta ke ajiya a cikinsa iri biyu ne. Na farko shi ne wanda masu gyara ke kira had-dis. A cikinsa akwai faya-fayai masu juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi a kansu tana rubutu tana karatu. Tazarar da ke tsakanin allurar da faifan ta fi silin gashi siranci sau dubbai. Saboda haka in kwamfutar ta faɗi tana aiki, ko yaro ya yi tuntuɓe da waya ya fizgo ta daga tebur, allurar na iya kartar faifan, shi ke nan aikin gama ya gama. Ko ba a yar da ita ba, duk abin da ke juyawa yana tsufa.

Na biyu shi ne SSD, wanda ke cikin yawancin sababbin kwamfutoci. Ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri, ya fi jure jijjiga. Sai dai shi ma yana da ajali, kuma sau da yawa ba ya sallama. Had-dis yakan yi ƙara ƙwas-ƙwas ko ya riƙa nawa kafin ya mutu. SSD kuwa kana iya rufe shi lafiya da dare, da safe ya ƙi tashi.

Sa'an nan ga halin da muke ciki a ƙasar nan. Ba mu manta da dumsor na 2015 ba, lokacin da unguwa kan kwana ta yini babu wuta, a kawo ta na sa'a 12 a sake ɗaukewa. Yankewar wuta ana cikin aiki tana lalata fayil, dawowarta da ƙarfi kuma tana ƙona na'ura. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafi ya taru a ciki. Galibin kwamfutocin da ke gidajenmu 'yan gwanjo ne da aka sauke a tashar Tema, sun riga sun yi shekaru suna bauta a ofisoshin Turai kafin su iso hannunmu. Ruwa da wuta su ma ba sa neman izini: ambaliya da gobarar Circle ta ranar 3 ga Yuni, 2015 ta ci rayuka fiye da 150, ta kuma lalata dukiya mai yawa, gobarar kasuwar Kantamanto ta Janairun 2025 kuma ta bar dubban 'yan kasuwa hannu rabbana. Ɓarawo kuma in ya shigo, jakar kwamfuta ce farkon abin da zai saɓa.

Akwai kuma ɓarayin intanet masu sakin wata irin ƙwayar cuta da ke kulle duk fayilolin mutum, su ce sai ya biya fansa. A watan Mayun 2017 wadda ake kira WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Kada kuma mu manta da hannun mai gida kansa, ko na yaransa, wanda kan goge abu bisa kuskure.

UKU, BIYU, ƊAYA

Masana sun taƙaita maganin cikin ƙa'ida mai sauƙin haddacewa, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yayata. Duk abin da ke da muhimmanci ya kasance yana da kwafi 3. A ajiye su a kan na'ura iri 2 daban-daban. Kwafi 1 kuma ya kwana a wajen gidan.

Ga yadda magidanci zai aikata wannan. Da farko ka tattara kayanka. Fayilolin da suka warwatsu a fuskar kwamfuta da sauran lunguna, ka haɗa su cikin babbar jaka ɗaya, ka rarraba ta: takardun gida, aikin makaranta, lissafi, hotuna bisa shekara. Abin da ba ka san inda yake ba, ba za ka tuna ka kwafe shi ba.

Na biyu, ka sayi rumbun waje, irin wanda ake jonawa da waya ta kafar USB. Mai terabait 1 ya ishi yawancin gidaje. Ka tsayar da rana guda a mako, alal misali yammacin Lahadi, ka jona shi ka kwafe jakar. Wanda ke amfani da Windows yana da wani tsari a ciki mai suna File History, wanda in an kunna shi zai riƙa kwafar abin da ya canza da kansa duk lokacin da rumbun ke jone, ya kuma riƙe tsofaffin zubin fayil, ta yadda in ka ɓata rubutun yau za ka iya komawa ga na makon jiya. Masu kwamfutar Apple suna da irinsa, Time Machine. Da ka gama, ka cire rumbun ka sa a akwati. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rumbun da ke jone dare da rana, wutar da ta ƙona kwamfuta za ta iya ƙona shi, cutar da ta kulle ta za ta kulle shi, ɓarawon da ya ɗauke ta zai haɗa da shi.

Na uku, kwafin waje. Wanda ke da hali ya sayi rumbu na biyu ya kai gidan wansa ko ƙanwarsa a wata unguwa, ya riƙa musanya su duk wata. Wanda bai da hali sai ya nemi ma'ajiyar intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive na kamfanin Microsoft gigabait 5. In hoto ɗaya ya kai megabait 4, gigabait 15 za ta ɗauki hotuna wajen 3,700, sai dai a sani wasiƙun Gmail su ma a cikin wannan kaso suke ci. Mun san kuɗin data ba wasa ba ne, don haka ba sai an tura komai ba. A fara da abin da ba a iya maye gurbinsa: hoton takardun fili da na gida, takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa, kundin ɗalibi, littafin lissafi, da zaɓaɓɓun hotunan iyali. Fina-finai da waƙoƙi ana sake samunsu a ko'ina.

INDA AKE YIN TUNTUƁE

Wasu sukan raba rumbun kwamfuta gida biyu, C da D, su kwafi abu daga wannan zuwa wancan su ce sun yi ajiya. Ɗaki biyu ne ƙarƙashin rufi ɗaya, in rufin ya rufta duka ya danne. Wasu kuma sukan kwashe hotuna su mayar kan rumbun waje, su goge na cikin kwamfuta don samun fili. Wannan ƙaura ce, har yanzu kwafi ɗaya gare su.

Filashi, wanda a nan muka fi sani da fen-diraif, yana da amfani wajen kai fayil daga gida zuwa makaranta, amma ba wurin ajiyar shekaru ba ne. Yana ɓacewa, yana shiga wanki cikin aljihu, yana kwaso cuta a shagunan buga takardu. Ga kuma na jabu sun cika kasuwa: a jikinsa an rubuta gigabait 128, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai fi 8 ba, duk abin da ya haura nan sai ya lalace ba tare da ka sani ba. Araha ba ta ado. Akwai wata 'yar manhaja ta kyauta, H2testw, da ke gwada gaskiyar cikinsa kafin ka ba shi amana.

Ma'ajiyar intanet ita ma tana da sharuɗɗa. In an saita ta tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da kwamfuta, abin da ka goge a nan zai gogu a can. A Google Drive yakan zauna a kwandon shara kwana 30, bayan nan ya tafi. Tun Disambar 2023 kuma kamfanin Google ya tanadi ikon share asusun da ya shekara 2 ba a buɗe shi ba. Saboda haka a riƙa leƙawa, a kuma rubuta kalmar sirri a takarda a adana tare da takardun gida. Ya kamata wani amintacce a cikin iyali ya san inda take, domin rai ba a bakin komai yake ba, kada magada su tsaya gaban ƙofar da ba mai mabuɗinta. Haka nan sababbin kwamfutoci da yawa suna zuwa da rumbunsu a kulle da tsarin BitLocker, kuma in ba ka da lambar buɗewa, ko gwanin gyara ba zai iya ciro maka komai ba.

Na'urorin ajiya kansu suna shuɗewa. Waɗanda suka fara aiki da kwamfuta a shekarun 1990 sun tuna ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da ke ɗaukar megabait 1.44, wanda ko hoton waya ɗaya na yau ba zai shiga ba. Kamfanin Sony ya daina yin sa a 2011. Faifan CD ma ya bi sahu, don sababbin kwamfutocin hannu ba su da wurin sa shi. Wanda ke da bikin aurensa a kan CD ya hanzarta kwafe shi tun ana samun abin karantawa.

A GWADA AJIYAR

Babban kuskure shi ne a yi ajiya a kama barci. A 1998, lokacin da kamfanin Pixar na Amurka ke shirya fim ɗin Toy Story 2, an ba na'ura umarnin gogewa bisa kuskure, mafi yawan aikin ya tafi. Da suka juya ga ajiyarsu sai suka tarar ta daɗe da samun matsala ba wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata ma'aikaciya mai jego da ke aiki daga gida, wadda ke da kwafi a kwamfutarta. In haka ta sami kamfani mai tarin injiniyoyi, ina ga ni da kai? Duk ƙarshen zangon karatu, a jona rumbun a wata kwamfuta daban, a buɗe fayil biyar ko goma, a tabbatar suna buɗuwa.

IN TA RIGA TA FARU

In kwamfuta ta fara ƙara ko ta ƙi tashi, a kashe ta, kada a yi ta kunnawa ana kashewa, don kowane juyi yana ƙara ɓarna. In an goge abu ne bisa kuskure, a duba kwandon shara tukuna, in ba ya nan a daina sa sabon abu a ciki, domin a kan had-dis sau da yawa rubutun yana nan har sai wani ya hau kansa. A wurin mai gyara kuwa, kafin ka ajiye ta ka faɗa masa da babbar murya cewa kayan ciki sun fi maka na'urar, kada ya wanke rumbun ya zuba sabuwar Windows sai ya kwafe su. Mutane da yawa a teburin gyara suka yi asararsu, don ba su yi magana ba. Wanda kuma ke da kwamfutar tebur ya daure ya sayi UPS, batirin nan da ke ba da 'yan mintoci a adana aiki a kashe lafiya in an ɗauke wuta.

Muna kira ga shugabannin makarantunmu, da kwamitocin masallatai da na ƙungiyoyin matasa da na mata, su ɗora wa mutum guda alhakin wannan aiki, a riƙa tambayarsa a kowane taro kamar yadda ake tambayar ma'aji. Muhimman takardu kuma a buga su a takarda a sa a fayil. Matasanmu da suka iya na'ura su taimaki iyaye da maƙwabta, aikin bai fi na yamma ɗaya ba. A duniya an ware ranar 31 ga Maris don tunatar da mutane wannan al'amari, amma Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya karanta wannan ya fara a makon nan. Allah ya kiyaye mu da asara.