Ba daga ofis ake zaɓa wa gari sana'a ba

Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ake ta muhawara kan abin da ciyamomi za su yi da kuɗin in sun shigo hannu. A rediyo da majalisun bakin titi, maganar da ta fi yawa ita ce a kawo masana'anta, ko a raba kekunan ɗinki da injinan markaɗe, wai sai samari su daina tafiya cirani Legas da Abuja. Masu bin labarai kuwa sukan kawo shirin nan na hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, SMEDAN, kowace ƙaramar hukuma da kayanta guda, su ce ai daga Japan aka ɗauko shi, can ma gwamnati ce ta ware wa kowane ƙauye abin da zai yi.

Daga Japan aka ɗauko shi, gaskiya ne. Amma batun gwamnati ta ware wa ƙauye sana'a, wannan bai faru ba, kuma nan ne muke ta ɓata.

Asalin abin daga wani ƙaramin gari ne mai suna Oyama, cikin tsaunukan jihar Oita. A 1961 gwamnatin Japan shinkafa take matsa wa manoma su noma. Gonakin Oyama kuwa ƴan fegi ne a gefen dutse, komai wahalar mutum ba zai ci riba ba. Sai shugaban ƙungiyar manoman garin, Harumi Yahata, ya ja hankalin jama'arsa su koma dashen itatuwa iri biyu: ume, wani ɗan itace mai tsami da ake jiƙawa da gishiri, da kuri, mai ɓawo da ake gasawa. Ya yi musu albishir cewa kuɗin itatuwan nan zai kai su yawon buɗe ido Hawai. Kafin shekarun 1960 su ƙare wasunsu sun je. Da suka ga amfanin itace sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma sanyi na iya lalata shi, sai suka haɗa da noman naman kaza, wanda ake sayarwa kullum.

Wato mutanen Oyama saɓa wa tsarin hukuma suka yi. Sai a 1979, bayan shekara 18, Gwamna Morihiko Hiramatsu ya ɗauki darasin ya yaɗa shi a faɗin Oita da sunan ƙauye guda, kaya guda. Bai buɗe taskar rabon kuɗi ba. Kowane gari shi ya duba abin da yake da shi ya zaɓa. Jiha ta riƙe binciken inganta kaya, da makarantun horar da matasan da za su ja ragamar garuruwansu, da neman kasuwa. Gwamnan da kansa yakan je Tokyo tallar kayan jiharsa.

Mai lambu ya san wannan. In za a yi wa mangwaro aure, sai an sami tushen da ya riga ya kama ƙasa, sannan a ɗaura masa reshen iri mai kyau. Reshen da aka soka a dandali ranar biki gaban kyamara, kwana uku ya bushe. Keken ɗinki ɗari a garin da teloli biyar ke zaman jiran aikin Sallah, reshe ne marar tushe, shi ya sa wasu masu karɓa ke wucewa da shi kasuwa tun yana kwalinsa.

Garin Kamikatsu, a tsibirin Shikoku na Japan, ya fi ba da mamaki. Sanyin 1981 ya kashe musu itatuwan lemo, abin da suka dogara da shi. Wani malamin gona na ƙungiyar manoma, Tomoji Yokoishi, ya lura gidajen abinci masu tsada na birni suna ƙawata faranti da ganyaye da furanni, ga su kuwa birjik a dajin garinsu, kuma ba su da nauyin da zai gagari tsohuwa. A 1986 ya fara da manoma huɗu. Da farko kayan suka ƙi sayuwa. Sai ya shiga cin abinci a irin waɗannan gidajen da albashinsa, har ya gane launi da girma da lokacin da masu dafuwa ke so. Daga baya cinikin ya haura yen miliyan 200 a shekara, yawancin masu yin sa tsofaffin mata ne da ke duba oda da farashi a kwamfuta kafin su fita tsinka.

Kada a yi zaton sana'a kaɗai ta tsayar da ƙaura. Mutanen Kamikatsu ba su kai 2,000 ba, kuma raguwa suke yi. Oyama ma an haɗe shi da birnin Hita a 2005. Abin da aka samu shi ne wanda ya zauna bai zauna cikin fatara ba, wasu matasa kuma sun sami dalilin zuwa.

Mu kuwa tushen ba shi muka rasa ba. Ba wanda ya rubuta wa Aliero takarda ta noma albasa, ko Kura ta yi rini da shinkafa. Albasar Galmi ta Nijar da sunan garinta ake neman ta har Abijan da Akara. Amma manomi yana sayarwa da kaka a wulaƙance saboda ba shi da rumbun da zai hana ta ruɓewa, mai ƙuliƙuli ba ta san hanyar samun lambar NAFDAC ba balle kayanta su shiga manyan kantuna, farashin birni kuma dillali kaɗai ya san shi. Waɗannan ayyuka ba su da tsadar masana'anta, sai dai ba a yanka musu kintinkiri, kuma kafin ciyaman ya fara su dole ya zauna da ƙungiyar manoma da sarkin kasuwa ya ji inda hasararsu take.