Karen da Ba Shi da Mai Shi

Manoma ƴan'uwa, kuna ganin karnukan da ke yawo bayan mahauta, haƙarƙari duk a waje. Yawancinsu daga gidajenmu suka fito: kariya ta haihu, aka kai ƴaƴan bayan gari aka yar. Su ne ke kama ƴan awaki, ta wurinsu kuma ciwon haukan kare ke shiga gari.

Zuba guba ba ya kashe maganar. Wasu karnukan na zuwa su cike gurbin, ungulu kuma ta ci mushen ta mutu. Allura ce ke tsai da ciwon: in an yi wa karnuka 70 cikin 100, sai ya daina yaɗuwa.

To samari, ga aikin sa kai. Ku ɗauki kwikwiyon da aka yar tun yana ƙarami. Ku ba shi abinci da ruwa cikin kasko. Ku kai shi wurin likitan bisashe a yi mashi allura, sa'an nan ku ba mai garka ko makiyayin da ke son mai gadi.

Amma kare mai dalalar da miyau, mai kai cizo ba dalili, kada ku kusance shi. Wanda aka ciza, a wanke wurin da ruwa da sabuni minti 15, a kai shi gidan likita ranar nan.