Bututun Gas Na Injin Wuta: A Auna Kafin A Binne

Mai kiwon kaji wanda ya zuba ƙwai cikin injin ƙyanƙyasa ya san abin da ɗaukewar wuta take jawowa. Ƙwan kaza yana bukatar ɗumi wajen digiri 100 na ma'aunin Farenhait har kwana 21, in kuwa ya kwana da sanyi, sau da yawa an yi hasara ke nan. Saboda haka a Amurka, inda iskar gas take zuwa gidaje ta bututu kamar ruwan famfo, akan girke janareta a bayan gida, mai tashi da kansa da zarar wuta ta ɗauke. A Nijeriya ma, tun da aka janye tallafin fetur a 2023, mutane da yawa sun mai da injinansu masu shan gas.

To, abin da yakan ba da mutane shi ne bututu. Sai a sayi inji mai tsada, sa'an nan a jawo masa gas ta siririn bututu irin na murhu. In an gwada shi ba kaya, sai ya yi ta ruri lafiya lau, maigida ya yi murna. Ranar da ya ɗauki injin ƙyanƙyasa da famfon rijiya gaba ɗaya, sai ya yi tari ya mutu. A kira makanike ya kwance wannan ya ɗaura wancan, alhali injin ba abin da ya same shi sai yunwa. Kowane mai lambu ya san haka ga ruwa: in magudana ta yi ƙunci kuma ta yi tsawo, fangalin ƙarshe ba ya ƙoshi.

Ana auna gas da cikin akwati mai ƙafa 1 tsawo, ƙafa 1 faɗi, ƙafa 1 zurfi. Inji mai kilowat 20 in ya ɗauki cikakken kaya yakan sha wajen akwati 300 a awa, kuma da wannan adadi ake lissafi, ba da na rabin kaya ba. Bisa jadawalin da masu aikin gas na Amurka suke bi, bututun ƙarfe mai inci 1 yana ɗaukar akwati 678 in tsawonsa ƙafa 10 ne, 320 a ƙafa 40, 284 a ƙafa 50, amma 195 kaɗai a ƙafa 100. Mai inci ¾ kuwa 151 yake kaiwa a ƙafa 50, watau rabin abincin injin. Wanda injinsa yake nesa ƙafa 100 sai ya nemi mai inci 1¼, wanda yake ɗaukar 400.

Haka kuma kowace gwiwa tana rage gudun iska, akan lissafa ta kamar ƙarin ƙafa 2½. Ga misali, bututu mai ƙafa 40 da gwiwa 6 ya zama ƙafa 55, inci 1 da ya isa ɗazu yanzu ya kasa. In murhu yana sha daga wannan bututu, sai a haɗa nasa.

Wannan lissafi na gas ɗin bututu ne. Gas na tukunya ya fi shi ƙarfi wajen ninki biyu da rabi, yana da nasa jadawali. Wanda ake samu daga kashin shanu kuwa ya fi su rauni duka, ga shi da laima, don haka yana son bututu mai faɗi, a karkace kaɗan, da wurin tsiyaye ruwa.

Lalle gwanin aikin gas ne zai haɗa, kuma kada a sallame shi sai ya auna ƙarfin iskar a bakin inji, yana ɗauke da kayansa duka. Mahaɗai kuwa da ruwan sabulu ake duba su, ba da ashana ba, tun ba a mai da ƙasa cikin ramin ba.